Jar Motar Walid, Shafi na 23: Abin da Sitti ta Zuba

Assalamu alaikum 'ya'yana da jikokina. Na ga saƙonninku duka, har da na mai cewa saboda ni miyarta ta ƙone jiya. Allah ya ba ki haƙuri 'yar nan, yau ki sauke tukunyar tukuna.

Kun dai tuna inda muka tsaya. Walid ya ɗaure jar motarsa a bayan sadha, babbar motar nan mai ɗaukar motoci, shi da abokinsa Saif sun kama hanyar Yanbu bayan sallar asuba. Yau ce ranar da 'yan kulob ɗinsu suka kama halba, filin da ake sakin mota ta yi gudu iya ƙarfinta. Wata da watanni yaron nan yana gyaran motar saboda wannan rana.

To mu koma gidansu a unguwar Aziziyya ta Madina.

*

Hantsi ya yi. Ful da tamis, wato dafaffen wake da burodin Larabawa, sun huce a faranti, Khalida mahaifiyar Walid ko taɓawa ba ta yi ba.

"Ummi ki ci mana," in ji Sundus, yayar Walid.

"Ba zai wuce ba."

"Ummi, ba titi ba ne fa. Ba irin haukan yaran nan masu jujjuya mota a kan hanya ba ne. Akwai hular kwano, akwai bel har kafaɗa biyu, akwai malamin da ke koya musu yadda ake shiga kwana. Har motar asibiti tana nan tsaye."

Khalida ta ɗago ido.

"In ba a tsammanin wani abu, me motar asibiti take yi a tsaye?"

Sundus ta tashi ta ɗora ruwan shayi.

Sai ga ƙarar sanda, ƙwas, ƙwas. Hajiya Innayatu ce, uwar mijin Khalida, wadda duk gidan ke kira Sitti. Ta shigo da carbinta tana murmushi kamar wadda aka yi wa albishir.

"Wai har yanzu jimamin angon nawa ake yi?"

"Hajiya ina kwana," Khalida ta ce, ta gyara mata matashi.

"Lafiya lau. Ni fa ban ga abin tashin hankali ba, in ban da ɓarnar da ya yi wa motar. Mota ce ko kejin kaji? Ya cire kujerun baya, ya cire rediyo, ya cusa ƙarafa ko'ina. Har mukayyif ya cire! A zafin Madina, mutum ya cire na'urar sanyi da hannunsa! Na ce Walid, in za ka kai ni Harami ina zan zauna? Ya ce wai nauyi yake ragewa. Na ce to ni ce nauyin ko? Zan sake miji."

Sundus ta yi dariya. Khalida ba ta yi ba.

"Ke Khalida, dube ni. Ci abincinki. Babu abin da zai sami yaron nan da yardar Allah. Na riga na yi abin da ya kamata."

"Allah ya karɓi addu'a, Hajiya."

"Addu'a kam an yi. Amma ba ita kaɗai ba."

Ta rage murya, ta waiwaya ƙofa kamar Walid na laɓe.

"Kada wadda ta gaya masa. Kun san halinsa da motar nan. Ranar da na shiga da kaskon turare don in kore warin fetur, saura kaɗan ya yi kuka."

"Sitti me kika yi kuma?" Sundus ta tambaya tana zuba ganyen shayi.

"Abin da nake yi wa kakanku. Shekara nawa marigayi Alhaji Sabo yana jigilar alhazai tsakanin Makka da Madina a bas ɗin nan tasa? Tun hanya tana siririya. Ko akuya bai taɓa bugewa ba. Kin san dalili?"

"Ya iya tuƙi."

"Ya iya tuƙi! Mutumin da ke gyangyaɗi yana cin abinci? Ni ce. Duk shigowar aikin Hajji sai in ɗebo zamzam, in yi tofi a ciki, in buɗe gaban bas in zuba a lagireto. Shi da kansa yake riƙe mini murfin."

Sundus ta saki ajiyar zuciya.

"Lagireto kika zuba wa? To da sauƙi. Amma Sitti yaushe kika iya buɗe bonet ɗin motar Walid? Ni kaina sai na sha wahala."

"A buɗe na same shi. Jiya da la'asar, da ya tafi masallaci ke kuma kika shigo ciki. Na ce Allah ya ba ni sa'a. Har murfin ma a cire yake, an ajiye shi gefe a kan tsumma, kamar ni ake jira."

Cokalin da ke hannun Sundus ya tsaya cak.

Bari in tuna muku, don na san wasunku sun tsallake shafin jiya. Jiya bayan azahar man birki suke canzawa. Walid ya sayo na musamman, mai jure zafi. Shi yana kwance a ƙasa wajen taya yana kwance noti yana ɗaurewa, Sundus tana kan kujerar direba, in ya ce taka ta taka, in ya ce riƙe ta riƙe, har tsohon man ya fita sabo ya maye gurbinsa. Sun gama tayoyin baya aka kira la'asar.

"Sitti." Muryar Sundus ta sauya. "Wane murfi?"

"Murfi dai."

"A ina yake? Gaba wajen fitilu, ko baya wajen gilashi?"

"Wajen gilashi. Ɓangaren direba. Wata 'yar roba fara mai baƙin murfi. Na ce ikon Allah, motocin zamani har lagiretonsu ya ƙanƙance."

"Sitti..."

"Na leƙa na ga ta kusa ƙafewa ma. Na ce ka ji yaro, zai yi doguwar tafiya ba ruwa a mota. Na juye gorar nan tawa har sai da ta cika taf."

Cokali ya faɗi ƙasa.

Khalida ta dubi 'yarta, ta ga fuskar ta canza launi.

"Sundus? Mene ne?"

"Ba lagireto ba ne."

"To mene ne?"

"Birki ne, Ummi. Wurin man birki ne."



Sitti ta yi 'yar dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba.

"To ai ya fi. Birkin ma ai shi ya fi buƙatar albarka."

"Sitti ruwa kika zuba a birki!"

"Ke, gyara bakinki. Zamzam na zuba. Daga Harami na ɗebo da hannuna. Kin taɓa jin zamzam ya cuci wani?"

"Wallahi ban raina zamzam ba. Amma Sitti dubi can."

Ta nuna butar shayin da ke kan wuta. Murfin yana rawa, tururi yana fita ta hanci.

"In kika ɗora zamzam a wutar nan, zai tafasa ko ba zai tafasa ba?"

"Zai tafasa mana."

"To a halba birki yana yin zafin da ƙarfen taya har ja yake yi. Shi ya sa Walid ya sayo man da ba ya tafasa da wuri. Ruwa kuwa nan da nan zai zama tururi a cikin bututu. In ya zama tururi, mutum ya taka birki..."



"Sai me?" Khalida ta riƙe mata hannu. "Sundus sai me?"

"Sai ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Kamar ya taka iska."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Sitti ta girgiza kai da ƙarfi.

"A'a. A'a. Ai da safe ina kallo ta taga ya hau da ita kan sadha, ya tsaya cak. Birkin yana ci."

"Yana ci in yana da sanyi! Zagaye na farko zai ci, na biyu zai ci. Ba zai ji komai ba sai ya yi zafi. Kuma ba ya yin zafi sai lokacin da ya fi gudu."

Khalida ta miƙe tsaye. Shekara da shekaru tana gidan nan, ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga murya a gaban uwar mijinta ba. Ko zama ba ta yi sai Hajiya ta zauna.

"Hajiya, me ya kai ki?"

"Khalida..."

"Me ya kai ki motarsa? Ya ce kada a taɓa! Ya roƙa, ya yi magiya! Ba ki iya shafa masa a kai ba? Ba ki iya ba shi ya sha ba?"

"Na ba shi ya sha. Na ga saura ne a gorar, na ce..."

"Ɗana ne fa! Shi kaɗai gare ni namiji!"

"Ni kuma bare ce a wurinsa?"

Muryar tsohuwar ta karye. Carbin ya zame daga hannunta, ba ta ma sani ba.

"Ummi dakata," in ji Sundus. Tana tsaye ta dafe bango. "Ba Sitti kaɗai ba ce."

Suka juyo.

"Da ya dawo daga masallaci ya leƙa robar. Ya ce, Sundus ke kika cika? Ina waya da ƙawata, ban ma ji abin da ya ce ba. Na ɗaga masa kai na ce aiwa."

"Ya Salam."

"Sai muka ci gaba. Tayoyin gaba suka rage, su ne kuma masu riƙe motar. Ya ce taka, na taka. Ya ce riƙe, na riƙe. Da ruwan ya tsaya a sama, da wataƙila da sauƙi. Ni na tura shi har cikin tayoyin, Ummi. Da ƙafata."

Ai kuwa sai kowa ya rasa wanda zai kalla.

Khalida ce ta fara farfaɗowa.

"Waya! Kira shi!"

Sundus ta fizgi wayarta. Sai da ta danna sau biyu.

Tana ƙara. Tana ƙara. Ta katse.

"Sake!"

Ta sake. Haka dai.

"Ba zai ɗauka ba. In ya sa hular kwano wayar tana cikin jaka."

"Babanku! Ai yana Yanbu!"

"Yana cikin matatar mai, Ummi, ba a shiga da waya. Sai ya tashi aiki."

"Saif fa?"

"Ba ni da lambarsa."

"Ba ki da lambar Saif? Yaron da kullum yake cin abinci a gidan nan?"

"Ummi me zan yi da lambar Saif?"

Sitti ta yi magana can ƙasa-ƙasa.

"Uwarsa. Khalida, kina da lambar uwarsa."

Khalida ta lalubo wayarta a ƙarƙashin matashi, ta kira. Bugu ɗaya aka ɗauka. Ummu Saif mace ce mai son mutane, irin waɗanda in sun kama ka da gaisuwa sai ka nemi wurin zama.

"Ahlan, ahlan, ahlan! Khalida, yau wace rana! Ina kwana? Ya gida, ya yara?"

"Lafiya lau, Ummu Saif, dama..."

"Ya ƙafar Hajiya? Na ce zan shigo in duba ta wallahi, sai baƙi suka sauka mana daga Kano, 'yan Umra. Ya maigidan, yana Yanbu har yanzu?"

"Yana can, alhamdu lillahi, ya naki yaran..."

Ku ji fa! Ɗanta yana bakin halaka, amma bakin Khalida ya saba, gaisuwa na fita da kanta hawaye na zuba.

Sundus ta fizge wayar.

"Khala ki yafe mini, Sundus ce. Lambar Saif. Yanzu. Rai ne."

"Rai? Wane rai? Saif ɗina? Me ya sami Saif?"

"Saif lafiyarsa ƙalau. Walid ne. Don girman Allah lambar!"

Matar ta rikice, ta ce ba ta haddace ba, bari ta nemo tabarau. Suna jin ta tana kiran wata a cikin gida ta zo ta duba mata. Sundus ta ciji yatsa har sai da ya yi shaida.

Da ƙyar lambar ta shigo.

Ta kira, ta sa a sifika, ta ajiye wayar a tsakiyar tabarma kusa da farantin ful. Su uku suka zagaye ta.

Ƙara ta farko. Ta biyu. Ta uku.

Sai wani irin rugugi ya cika ɗakin, injina na kuka kamar za su tsaga wayar.

"Alo? Min?"

Saif irin yaran nan ne haihuwar Madina, yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake mayarwa. Zan juya muku abin da ya ce.

"Saif, Sundus ce, yayar Walid. Ina Walid?"

"Sundus! Wallahi da kin zo! Yau ƙaninki ya zama wani abu! Kin san matsalarsa kullum, yana tsorata ya taka birki tun da nisa, ya shiga kwana a sanyaye. Yau malamin ya zauna da shi, ya ce ka daina kallon bango, kalli inda kake son zuwa. Ya ce ka riƙe totur har allon ƙarshe cikin allunan da ke nuna kwana ta kusa, sannan ka taka da ƙarfi gaba ɗaya, ka riƙa saki a hankali kana juya sitiyari. Wallahi ya kama! Duk wanda ke nan babu mai jinkirin taka birki kamarsa!"

Khalida ta toshe bakinta da mayafi.

"Saif saurare ni! Yana ina yanzu?"

"Me? Ƙara ta yi yawa!"

"YANA INA?"

"Yana ciki mana! Ya fito ɗazu ya ce birkin ya ɗan yi laushi, muka ce sabon facin birki ne bai zauna ba. Ya sha ruwa ya koma. Ya ce wannan karon zai nuna musu."

"Akwai ruwa a birkinsa."

"Akwai me?"

"Ruwa, Saif! Moya! An zuba ruwa a man birki, mun tura shi har tayoyin gaba!"

Cikin rugugin Saif ya tambaya.

"Wa ya zuba?"

Sitti ta matso da bakinta kusa da wayar.

"Ni ce, ɗan nan. Ni ce Sitti. Zamzam ne. Don Allah ka tsayar mini da shi, in ya dawo ya yi mini duk abin da ya ga dama."

"La haula wa la ƙuwwata illa billah."

"Saif ka ruga!" in ji Sundus. "A ɗaga musu jar tuta! A tsayar da kowa!"

"Ba shi da rediyo a hular, sai dai tutar. Kada ki kashe. Kada ki kashe!"

Suka ji ya zura da gudu. Takunsa, hakinsa, wayar tana bugun ƙirjinsa. Yana ihu da Larabci, ja, ja, a ɗaga ja! Wani yana tambayarsa me ya faru, wa ya yi hatsari. Yana cewa ba a yi ba tukuna, mota mai lamba tara, ba ta da birki! Mutumin yana cewa ai ga ta can tana tafiya lafiya.

"Ka kira masu tuta a oba-oba! Wallahi in ba ka kira ba..."

Khalida ta durƙusa, goshinta a kan tabarma. Sitti ta kama hannun Sundus, ita da ba ta iya buɗe murfin kwalba, ta matse har ƙashi ya amsa.

"Saif? Sun ɗaga?"

"Yana kira. Yana kira. Sun ji."

"Alhamdu lillahi," Khalida ta ce cikin tabarma. "Alhamdu lillahi."

"Ga shi nan ya fito daga kwanar ƙarshe. Ya shigo miƙaƙƙiyar hanya, zai wuce ta gabana. Walid! WALID!"

Wata ƙara ta taso daga nesa, ta kumbura, ta tsaga wayar, ta wuce fuuu.

"Ya gan ka?"

"Bai waiwayo ba."

"Tutar fa?"

"Mai tutar ya ɗaga." Saif yana haki. "Amma ya riga ya wuce shi. Bayansa aka ɗaga."

"Akwai wani mai tuta a gaba?"

"Sai a kwanar."

"Wace kwana?"

"Ta ƙarshen hanyar. Mai kaifin nan."

"Me ke bayanta, Saif?"

Sundus ta ɗaga murya.

"Saif me ke bayanta?"

"Tsakuwa kaɗan. Sai bango."

Sitti ta fara salati da ƙarfi. Khalida ta ɗago kai, idanunta a kan wayar kamar za ta shige ciki.

"Ya wuce allon farko," in ji Saif. Muryarsa ta koma ƙarama. "Bai taka ba. Haka malamin ya ce masa. Allo na biyu. Taka mana, Walid. Taka. Taka!"

"Saif!"

"Ya taka! Fitilun bayansa sun kama, ina ganinsu, ya taka!"

"To? Saif, to?"

"Sundus..."

"Ka yi magana!"

"Fitilun suna ci. Motar ba ta rage gudu ba."